Dashe Ba Ya Zama Bishiya Sai Ya Ci Rani Biyu

Tun daga shekarar 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar biki biyu a Jamhuriyar Nijar: ta tunawa da samun 'yancin kai, da ta dashen itace, inda shugaban ƙasa da kansa yake sa dashe a rami. A Nijeriya ma kusan kowace jihar Arewa tana da nata gangamin idan damina ta zauna, a raba dashe kyauta, a dasa a makarantu da bakin hanya da harabar ofisoshi. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki a jihohi 11 da hamada ke barazana gare su, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Niyya akwai ta, kuɗi ma ana kashewa. Amma duk wanda ya bi ta inda aka yi dashe a watan Agusta, ya sake bi a watan Mayu, ya san abin da yakan tarar: ramuka a jere, wasu da busasshen tsinke a tsakiya, wasu ko tsinken babu.

Da an tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce fari. Ban musa cewa ƙasarmu tana da wuyar sha'ani ba. Daga Oktoba zuwa Mayu sama ba ta ɗiga, kuma a Maraɗi ko Damagaram ruwan shekara gaba ɗaya bai cika kai milimita 600 ba. Amma a wannan ƙasar ce kuka da tsamiya suke haura shekara ɗari a tsaye ba mai ba su ruwa. Abin da na yarda da shi shi ne yawancin dashen da ke mutuwa daga wajenmu ne ajalinsa yake zuwa: ko dai a cikin sa'a gudan da aka ɗauka ana dasa shi, ko kuma a ranin farko da na biyu, lokacin da aka rasa wanda zai ce nawa ne. Duka biyun suna da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin talaka ba. Malamai kan tunatar da mu falalar dashe da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ɗan Malik, kuma abin lura a cikinsa shi ne an rataya sadakar ne a kan cin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su yi daga abin da aka dasa. Mai neman wannan lada ke nan yana bukatar dashensa ya rayu har a ci moriyarsa.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa dagi, da sanin wace bishiya za a sa, a ina, kuma don me. Mangwaro da lemo da gwaiba 'yan garka ne da fadama da tsakar gida, inda ruwa ke kusa da hannu. Wanda ya kai su tudu mai nisa da rijiya ya ɗaura wa kansa jidar ruwa ta shekaru. Jigawa da fako suna da nasu: aduwa, magarya, kurna, bagaruwa, da dakwara mai ba da ƙaro. A gona kuwa babu kamar gawo, don yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya sake tohowa da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abin ci, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san yadda hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce daga Indiya da ƙasar Burma, an shigo da ita Borno a 1928, amma juriyarta ta sa ta cika titunan Maiduguri da Kano da Sakkwato, alhazai ma sun sha inuwarta a filin Arfa. Gwanar inuwa ce da tare iska, sai dai ba a sa ta tsakiyar gona don tana danne amfani. Bishiyar turare tana saurin girma, amma mashayiyar ruwa ce, gara kuma tana son ta tana ƙarama.

Abin da ke damuna a nan shi ne gangamin dashe ya cika karkata ga darbejiya da turare saboda sauƙin rainonsu, alhali ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kanya da ɗinya da kakanninmu suka bar mana suna ta tsufa ba magada. Gaskiya ne suna da jinkiri, kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma wannan dalili ne na a fara da wuri.

Idan an zaɓi iri, sai a auna wuri da girman da bishiyar za ta yi nan da shekara ashirin. A ɗaga kai a dubi wayar lantarki, a dubi katanga da rijiya da salga. Darbejiya da mangwaro da cediya da durumi kada su kusanci gini da ƙasa da mita 5 zuwa 6, don saiwarsu tana ɗaga daɓe ta tsaga bango, daga baya a zo ana sare abin da aka sha wahalar rainonsa. A lambu ana bar wa mangwaro mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, lemo 6 zuwa 7, gwaiba 5 zuwa 6. Mai son dabino kuma ya tuna akwai namiji akwai mace, ƙwallo ba ya gaya masa wanda zai fito, don haka 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar da aka san tana haihuwa su ake cirewa a dasa.

A wurin masu rainon dashe, irin waɗanda ke jera ledoji a bakin titi ko a gandun gwamnati, idon mai saye kan tafi kai tsaye ga wanda ya fi tsayi da yawan ganye. Mai sayarwa ma yakan taya shi: "Alhaji, ɗauki wannan, ai ya riga ya zama bishiya." Sau da yawa shi ne mafi rauni a cikinsu. Ka gwada ɗaga ledar. Idan ta ƙi ɗaguwa, saiwa ta riga ta huda gindinta ta shiga ƙasa, kuma fizgar da za a yi ita za ta tsinke ta. Idan ka tsaga ledar dashen da ya daɗe haka, za ka ga uwar saiwar ta kai ƙasan leda, ta rasa hanya, ta lanƙwashe ta yi ta zagaye kamar gammo. Saiwar da ta naɗe haka ba ta miƙewa don kanta bayan an dasa. Tana ƙara kauri a naɗen, tana shaƙe kanta, bishiyar ta tsumbure, ko kuma ta yi shekara biyar tana kyau a ido, rana ɗaya iskar hadarin farkon damina ta kwantar da ita. Dashen kirki shi ne matsakaici, tsayin kamu guda ko ɗan ƙasa da haka, mai kaurin jiki kamar na fensir, miƙaƙƙe, ganyensa kore shar ba tabo, wanda bai wuce 'yan watanni a leda ba. Itatuwa masu doguwar uwar saiwa irin su gawo ba sa son daɗewa a leda ko kaɗan. Wani lokaci ma gara a shuka irinsu kai tsaye a inda za su zauna, bayan an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawonsa don ya samu tsirowa.

Mai sayen mangwaro ko lemo ya nemi ɗan aure. Mangwaron ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya haihu, kuma ba tabbas zai gaji uwarsa, ɗan aure kuwa yakan fara a shekara ta 3 ko ta 4. A duba mahaɗar auren ta warke sarai. Sannan dashen da ya tashi a inuwa ana ba shi ruwa safe da yamma ba a fitar da shi rana tsaka a yini ɗaya. Mako biyu zuwa uku kafin dasawa ana rage masa ruwa, ana ƙara masa rana kaɗan-kaɗan har ya saba. Daren da za a ɗauke shi a shayar da shi sosai don ƙasar ta riƙe jikinta. A tallabe shi ta leda, kada a ɗauke shi ta wuya. Idan a bayan akori-kura ko babur za a kai shi, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, don iskar gudu tana busar da ganye fiye da rana.

Ruwan farko ba na dashe ba ne. Ana jira sai damina ta zauna, a haƙa a tarar da danshi ya sauka kamu guda. A ƙasar Zazzau da Kano da Katsina wannan yakan faɗo daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, can arewa kuma yakan kai farkon Agusta. Abin da ake nema shi ne dashe ya samu aƙalla mako shida zuwa takwas na ruwan sama yana kafa saiwa. Dashen Satumba, wanda yakan faru idan kuɗin aiki sun makara, ana miƙa shi ne ga rani ba tare da ya kama ƙasa ba. Mai rijiya ko famfo a gida yana iya dasawa a wasu lokutan, amma ya guji bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri ke haura maki 40. A ranar dashen kuma a bari sai la'asar, ko ranar da gari ya lumshe, don dashen ya samu sanyin dare kafin ya haɗu da rana.

Maganar rami ita ce inda masana suka rabu, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Masanan itatuwa na Turai da Amurka sun daɗe suna cewa faɗi ake so, ba zurfi ba: rami ya ninka faɗin dunƙulen ƙasar dashe sau biyu zuwa uku, zurfinsa kuma ya tsaya daidai tsayin dunƙulen. Hujjarsu ita ce yawancin ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa da abinci gefe-gefe suke bazuwa a saman ƙasa, kuma idan aka sassauta ƙasar da ke ƙarƙashin dashe, tana zama daga baya ta ja shi ƙasa ya nutse. Malaman daji da na gona a nan kuwa sukan ce a haƙa santimita 40 zuwa 50 ta kowace fuska ga itatuwan daji, 60 har zuwa mita guda ga na marmari. A ganina kowa ya faɗi gaskiyar ƙasarsa. A jigawa mai laushi, inda saiwa ke ratsawa ba wahala, rami mai faɗi marar zurfi ya wadatar. A fako da marmara da laka kuwa akwai tauri a ƙarƙashi wanda idan ba a fasa shi da diga ko dagi ba, uwar saiwa za ta ci karo da shi ta karkace, ruwa kuma ya kwanta a ramin ya ruɓar da ita. Hanyar da ta haɗa maganar biyu ita ce a haƙa da zurfi amma da wuri, makonni kafin dashe, a mayar da ƙasar, a bar ruwan sama ya zaunar da ita, sannan ranar dashe a buɗe ɗan gurbi daidai dunƙulen.

Lokacin haƙa, baƙar ƙasar sama a tara ta gefe guda, jar ƙasar ƙasa gefe guda, don ta saman ita ce mai rai, ita za ta koma kusa da saiwa. Idan laka ce kuma shebur ya goge bangon ramin ya yi sumul, a farfasa shi da bakin dagi don saiwa ta samu inda za ta kutsa. Akwai gwaji mai sauƙi: a cika ramin da ruwa, a dawo washegari. Idan har ruwan yana nan kwance, wurin ba ya tsanewa, lemo da gwanda ba za su rayu a ciki ba sai an yi musu tudu. Inda kuma matsalar ita ce ruwa ba ya tsayawa, yana gudu a kan fako, manoman jihar Tawa sun nuna hanya da tassa, ramukan da suka koyo daga manoman Yatenga na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, da kuma rabin wata, wato kunyar da ake lanƙwasawa bakinta yana fuskantar tudu don ta tare ruwan da ke gangarowa ta tara wa dashe.

Taki yana da amfani, amma ruɓaɓɓe, wanda ya kwana shekara ya yi baƙi ya huce ya daina wari. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ɗaukar zafi a cikin rami ya ƙone saiwa, ya kuma kira gara. Ko ruɓaɓɓen ma ba a zuba shi zalla. Kashi ɗaya nasa a cuɗa da kashi uku na ƙasar wurin, don idan ramin ya fi kewayensa daɗi da yawa, saiwa takan tsaya tana zagaye a ciki ta ƙi fita. Takin zamani kuwa kada ya taɓa saiwar sabon dashe. A bari sai ya fitar da sabon ganye, a barbaɗa ɗan kaɗan a kewaye, nesa da jikinsa, lokacin da ƙasa ke da danshi.

Ga dashen kansa. A kwantar da ledar a gefen rami, a sa wuƙa mai kaifi a yanke gindinta kamar faɗin yatsa biyu, tare da ƙasar da duk saiwar da ta naɗe a wurin. Yankan yana ba mutane tsoro, amma saiwar da aka yanke da kaifi tana fitar da sababbi masu miƙewa ƙasa. Sannan a tsaga ledar daga sama zuwa ƙasa, a tallabi dunƙulen da tafin hannu biyu a zaunar da shi a gurbi, a zare ledar gaba ɗaya. Mutane da yawa suna binne dashe da ledarsa, ko su yage gindin kawai, da zaton za ta ruɓe. Ba ta ruɓewa. Bayan shekaru ana tono ta yadda aka sa ta, saiwa a ƙunshe a ciki. Idan dunƙulen ya nuna saiwoyi suna zagaye a gefensa, a warware su da yatsa a hankali, waɗanda suka ƙi a yanke.

Daga nan sai abin da ya fi komai muhimmanci a wannan sa'a, wato wuyan dashe, wurin da jiki ya ƙare saiwa ta fara. Wannan wuri dole ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, ko ya ɗan ɗara ta kaɗan. A gitta ƙotar fartanya a bakin rami a daidaita da ita. Mu kan so mu zurfafa dashe don ya tsaya da ƙarfi ko ya kusanci danshi, amma ɓawon jiki ba a halicce shi don zama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Idan an binne shi yana ruɓewa a hankali, saiwar kuma ta rasa iska, dashe ya yi ta rawaya watanni ana zaton ƙishi ne ana ƙara masa ruwa. Masu lambun lemo sun san ciwon da ke sa gindi ya tsage yana fitar da ƙaro, kuma zurfafa dashe da tara ruwa a jikinsa suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Ɗan aure kuwa mahaɗarsa ta kasance taƙi guda a saman ƙasa, duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta a cire shi, don na uwar gindi ne, idan aka bar shi zai rinjayi auren. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa da hannu, a ƙarshe a taka gefe-gefe da tafin ƙafa ba da duka ƙarfi ba, don a kori iskar da ta maƙale ba tare da an daɓe wurin ba. A ja kunya a kewaye kamar faɗin taku guda, a zuba ruwa bokiti guda nan take, ko da hadari ya haɗo, don wannan ruwan shi ke manna ƙasa da saiwa.

Rufe gindi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa uku zuwa huɗu, yana tsare danshi, ya sanyaya ƙasa, ya hana ciyawa. Manoma da yawa suna gudun haka saboda gara, kuma tsoronsu yana da tushe. Sai dai gara ta fi bin matacce, kuma dashen da ƙishi ya galabaitar shi ta fi kamawa. A cikin tassa ma ita ce ke huda ƙasa ruwa ya samu shiga. Dabarar ita ce a bar taƙi guda fili tsakanin shimfiɗar da jikin dashe, a barbaɗa toka a wannan filin, a riƙa dubawa ana karkaɗe ginin da ta fara. Wasu kan haɗa da ganyen darbejiya ko dakakken ƙwallonta. Sanda kuwa ba kowane dashe ke bukatarta ba, don kaɗawar iska ita ke ƙarfafa jikinsa. Idan ya zama dole, a ɗaure da tsumma sako-sako, ba da waya ba, a kwance kafin shekara.

Da an gama girbi aka saki dabbobi, ganyen dashe yakan zama shi kaɗai ne kore a fili. Akuya ba ta bukatar fiye da minti guda. Ta sa baki ta tsinke kan toho, wurin da dashe ke ƙara tsayi, ta wuce. Zai sake fitowa ta gefe, ta sake dawowa, sau biyu sau uku ƙarfinsa ya ƙare. Don haka ni a wurina wanda bai tanadi shinge ba bai shirya dashe ba, kuma shinge ranar dashe ake kafa shi. Ya kai ƙirjin mutum ko fiye, tun da akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya, ya kuma yi faɗin da bakinta ba zai kai ganye ba. Ƙayar magarya ko bagaruwa tana yi, muddin sassabe aka samo ba sare mai rai aka yi ba. Saƙar kara tana yi, haka ragar waya, haka bulo da aka jera da tazara don iska ta ratsa. Gangar ƙarfe da wasu ke kifawa tana ɗaukar zafi da rana ta gasa dashen, sai in an huhhuda ta sosai. A riƙa zagaya shingen, don gara tana cin turaku ta ƙasa, a kuma share busasshiyar ciyawa a kewaye saboda wutar daji.

Ban-ruwan rani shi ne asalin wahalar, kuma nan ma akwai kuskuren da ke kama da kulawa. Yayyafa ɗan ruwa kullum yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa ta saba da zama a sama, ranar da aka yi fashi rana ta ƙone ta. Ruwa mai yawa jefi-jefi shi ke sauka ya ja saiwa ƙasa. Jarka guda mai lita 20, sau ɗaya ko biyu a mako lokacin hunturu, a ƙara yawan zuwa idan bazara ta yi tsanani, musamman ga itatuwan marmari da kuma a ƙasa mai rairayi. A zuba da yamma ko da sassafe, a cikin kunya, ba a jikin dashe ba. A laka kuma a tona da yatsa kafin a ƙara, don yawan ruwa ma yana kashewa. Inda ruwa ke da tsada, akwai dabarar tulu: a samu sabon tulun ƙasa, a binne shi taƙi ɗaya ko biyu daga dashe har wuya, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha, kuma cikawa ɗaya takan yi kwanaki. Gorar roba da aka huda da allura tana yin makamancin haka. Akwai kuma ruwan da muke zubarwa kullum sau biyar. Duk masallacin da aka karkata ruwan alwalarsa zuwa gindin dashe biyu ko uku ya gama da maganar ban-ruwa. Ruwan wanki mai omo dai a nisantar da shi. A rani na biyu ana rage yawan zuwa, a na uku kuma itatuwan ƙasarmu da darbejiya sukan riƙe kansu, na marmari ne ke ci gaba da neman taimako. A shekarun nan kada a yi gaggawar aske rassan ƙasa, su ke ciyar da jiki ya yi kauri, furen farko na ɗan aure kuma a tsinke shi don ƙarfin ya tafi ga girma.

Duk wannan aiki ne na mutum ɗaya da ya san dashen nasa ne. A kwarin Majiya na jihar Tawa, inda ƙungiyar CARE ta fara jera darbejiya layi bibbiyu don tare iska a 1975, itatuwan sun rayu har gonaki suka ga amfaninsu, kuma cikin dalilan akwai masu gadin da aka ɗauka don tsare su daga dabbobi suna ƙanana. Shi ya sa nake ganin duk hukuma ko ƙungiyar da ke da kuɗin dashe dubu goma, gara ta dasa dubu biyu ta kashe sauran a kan shinge da ruwa da mai kula. A makaranta a ba kowane aji nasa, a unguwa a danƙa wa mai gidan da dashen ke ƙofarsa, da sharaɗin inuwa da 'ya'ya nasa ne.

Nijar ta ga ƙarfin wannan magana ta wata fuskar. A da doka ta sa itatuwa irin su gawo a hannun gwamnati, manomi yana iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa, saboda haka ba ya ganin dalilin barin tsiro ya girma. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu rayayyar saiwa a ƙasa. Da aka sassauta riƙon gwamnati, sannan dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi, hanyar rainon wannan toho da ake kira sassabin zamani ta bazu har aka ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya farfaɗo da ramukan zai, wato tassa.

Yin sa ba wuya. A cikin tohon da ya fito a kututturen sabara ko kalgo ko gawo ko magarya, a zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran, a rage rassan ƙasa har rabin tsayi da adda mai kaifi ana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a dawo bayan 'yan watanni a sake gyarawa. Irin wannan ba ya neman leda ko rami ko jarka, don saiwarsa ta daɗe da kai wa danshi. A cikin gari da filin makaranta da bakin sabon titi, inda aka tumɓuke komai, da kuma duk inda ake son mangwaro ko lemo, dashe ya zama dole. Manomi kuwa, kafin ya je karɓar dashe a leda, ya fara zagaya gonarsa da bazara ya ƙirga kututturen da ke toho.